Talanti Talatin Da Na Goge

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna. Yaya ƙafar da aka ce tana damunka? Mama tana nan lafiya, sai ɗan ciwon baya. Ba ta san na rubuto maka ba, kuma ina roƙonka kada ta sani. Yarana biyu lafiya lau.

Na san za ka yi mamaki. Mama 'yar kawunka ce, ni ce babbar 'yarta, wadda ke aiki a maɗaba'ar ikilisiya. Sau biyu muka taɓa haɗuwa, duka a wurin jana'iza, ta Kaka da ta mijina. Na zaɓe ka ne saboda ka yi shekara arba'in kana koyar da Littafi Mai Tsarki, kuma kana nesa, ba ka san kowa a cocinmu ba. In gaya maka gaskiya, dalili na biyu ya fi nauyi.

Aikina duba rubutu ne kafin a buga. A wurin aiki Jan Biro suke kirana, don ba takardar da ke barin teburina ba tare da ta sha ja ba. Ina da wata ɗabi'a da nake taƙama da ita. Duk lambar da na gani a littafi sai in rubuta ta a gefe, in ta sake fitowa a gaba in gwada su. Da haka na sha ceton littattafan makaranta daga abin kunya.

Bana aka ba mu aikin Sarakuna da Tarihi na cikin Littafi Mai Tsarki a bugu mai manyan haruffa, saboda tsofaffi masu raunin ido. A Sarakuna na fari, sura tara, na karanta cewa jiragen Sarki Sulemanu da mutanen Hiram sun je Ofir sun kawo zinariya mai nauyin talanti ɗari huɗu da ashirin. Na rubuta a gefe. Bayan mako biyu na iso Tarihi na biyu, sura takwas. Jiragen ne dai, Ofir ce dai, amma ɗari huɗu da hamsin. Na duba tsohon littafin da ake kwafa daga cikinsa, shi ma hamsin. Sai na ce a raina, ashe tun bugun farko aka tafka kuskure, ba wanda ya gani sai ni. Kawu, har daɗi na ji. Na ja layi a kan hamsin, na rubuta ashirin, na miƙa wa mai shigar da rubutu a kwamfuta, na tafi cin abinci.

An buga kwafi dubu biyu, an ɗinke, an zuba a kwali, rabi har sun tafi coci-coci.

Ranar Asabar ina share ɗaki na ɗauko Littafin marigayi mijina, na buɗe wurin don in ga ko nasa ma yana da kuskuren. Hamsin. Na aro na maƙwabciyata, hamsin. Na shiga shagon littattafai na duba bugu huɗu daban-daban, har mai shagon ya fara kallona. Duka hamsin.

Ka san la'anar da aka faɗa a ƙarshen Wahayin Yahaya game da wanda ya rage wani abu daga maganar. Tun ina yarinya nake tsoron wurin nan. Yanzu ko ɗana ya yi tari sai gabana ya faɗi.

Ga tambayata, don Allah ka amsa da sauri. Wanne ne daidai? Sarki ɗaya, tafiya ɗaya, ai ba za ta yiwu a sauke kaya iri biyu ba. In ashirin ce gaskiya, to ban yi laifi ba, gyara na yi. Ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda amsar, duk Talata yake zuwa garinku.

'Yarka,
Jan Biro

*

'Yata,

Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Muna lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi, ido ne yanzu ya karɓi aikinta, shi ya sa kika ga rubutuna kamar kaza ta bi ta kan takarda. Innarki tana gaishe ki, ta tambaye ni me kika ce, na ce gaisuwa ce. Ta ce gaisuwa shafi uku? Na ce 'yan boko ne.

To, Jan Biro. Shekaru dubbai malamai masu furfura suna kallon wannan wuri suna sosa kai, ke kuma kin gama da shi kafin abincin rana. Na yi dariya, amma ban daɗe ina yi ba, don na ji tsoron da ke cikin takardarki.

Ba ke kika fara gani ba. Wasu sun ce wani mai kwafa da hannu ne ya yi tuntuɓe tun zamanin da. Wasu sun ce hamsin ɗin ita ce abin da aka loda a Ofir, ashirin ɗin kuma abin da ya shiga taskar sarki bayan an sallami matuƙan Hiram. Wasu sun ce jiragen ai ba sau ɗaya suka je ba, kowane marubuci tafiyar da ya sani ya rubuta. Kowace magana a cikinsu tana iya zama, amma ba wadda zan dafa Littafi in ce ita ce.

Kuma ba nan kaɗai ba ne. Da kin ci gaba da wannan gwaji naki da kin iske jiragen Sarki Yehoshafat. A Sarakuna Ofir za su, kuma da Sarki Ahaziya ya nemi su haɗa ma'aikata Yehoshafat ya ƙi. A Tarihi kuwa Tarshish za su, kuma tare da Ahaziya aka ƙera su. Inda suka yarda da juna shi ne jiragen sun farfashe. Na gode wa Allah jan bironki bai kai can ba.

Abu ɗaya nake so ki lura. Mutanen da suka kwafi littattafan nan da hannu, tsara bayan tsara, ba makafi ba ne. Sun ga ashirin, sun ga hamsin, alƙalami yana hannunsu, ba mai ganinsu, suka bar kowace a wurinta. Ni wannan ne ya sa na amince da su. Don haka ba zan ce miki gyara kika yi ba.

Batun la'ana kuwa ki sassauta wa ranki. Ba da nufin ɓata maganar Allah kika yi ba, kuma tarin yaro tari ne, ki ba shi magani.

Sauran magana ita ce me za ki gaya wa manajanku, da kuma yadda za ki gaya masa. A nan ki dakata mini. Ina da tsofaffin littattafan bayani a akwati, tun na makaranta. Ban taɓa ba ɗalibi amsa ba sai na duba. Ki bari in bincika, wataƙila in samo abin da za ki riƙe a hannu in kin shiga ofishinsa. Kada ki ce wa kowa komai sai kin ji daga gare ni.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Allah ya ba idon lafiya. Mu ma lafiya, tarin ya tafi. Amma abin da nake tsoro ya faru, kuma ba a kaina ya faɗo ba.

Wani tsohon fasto mai ritaya ya zo ranar Litinin da littafin a hannu, ya sa tsinke a shafin. Ina zaune ina jin muryarsa ta cikin ƙofar Manaja, ko ƙarar inji ba ta danne ta ba. Aka tsayar da aiki, aka tara mu. Manaja ya ce a kawo takardun gyara na Tarihi. Ni ce na ɗauko fayil ɗin da hannuna. Ya buɗe shafi bayan shafi, ya kai sura takwas, sai ga shi takardar da na yi wa ja ba ta ciki. Ita kaɗai ta ɓace. Wallahi Kawu ban taɓa ta ba.

Sai kowa ya juya ya kalli Baba Harafi. Shi ne mai shigar da rubutun. Dattijo ne, shekararsa talatin da ɗaya a maɗaba'ar, tun lokacin da ake jera haruffan dalma da hannu, can ya samo sunan. Shi ya koya mini alamomin gyara ranar da na fara aiki. Kwanan nan yana matso da fuskarsa jikin kwamfuta sosai, kuma an daɗe ana raɗe-raɗin ya tsufa. Manaja ya ce masa, "Baba, kai ka shigar da wannan?" Ya ce, "Ni na shigar." Ya ce, "Wa ya sa ka?" Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, bai kira sunan kowa ba. Ni kuwa ban tashi na ce ni ce ba.

An dakatar da shi. Da yake maɗaba'ar ta ikilisiya ce, maganar ta tafi gaban dattawa, za su zauna nan da mako uku. Tsohon faston ya dage cewa wannan ba kuskuren yatsa ba ne, don ba yadda za a yi hamsin ta koma ashirin daidai da ta Sarakuna sai da gangan. In suka yarda da shi, za a kori Baba, a sa shi a horo, a karanta sunansa a gaban jama'a, a hana shi Jibin Ubangiji. Mutumin da ke riƙe da mabuɗin coci shekara ashirin.

Na tashi zan bi Manaja ofis, sai na tuna ka ce in dakata. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗin tunawa. Ni kaɗai ce ke riƙe da yaran nan da Mama. In aka kore ni da irin wannan suna, wa zai ƙara ba ni ko katin gayyata in duba?

Ina jiran amsarka ranar Talata. Ka samo wani abu a akwatin?

'Yarka

*

Kawu,

Gaisuwa. Talata biyu ke nan ina zuwa tasha. Direba ya ce ya miƙa takardata a hannun Inna, ta karɓa ta rufe ƙofa. Ko ta karanta ne? Ko kai ne ka karanta ka ga ba ni da sauran mutunci a idonka? In haka ne ka rubuto ko layi ɗaya ne ka zage ni, zai fi mini wannan shiru.

Ba na iya cin abinci. A wurin aiki an lulluɓe kwamfutar Baba Harafi da wani tsohon labule, kuma teburina yana kallonta. Jiya na duba shafi guda sau biyar ban gane me ke ciki ba.

Ranar Lahadi na haɗu da shi a bakin ƙofar coci. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya ce, "Jan Biro, ya yaran? Kin rame fa, ki riƙa cin abinci." Da ya zage ni da na samu sauƙi. Matarsa tana gefe, idonta ya kumbura.

Dattawa za su zauna ranar Alhamis ta sama. Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa, in na kai ƙofar Manaja sai in ce bari in ji daga Kawu tukuna. Na san ina fakewa da kai ne. Duk da haka ka rubuto.

'Yarka

*

'Yata,

Ki je yanzu. Kada ki gama karanta wannan, ki ajiye ki je ki faɗa, in kin dawo ki karanta sauran.

An yi mini aikin ido, kwana goma sha shida ina naɗe da bandeji. Takardunki biyu suna ƙarƙashin matashina. Innarki ta ce ta karanta mini, na hana, don na san asirinki ne a ciki kuma kin ba ni amana. Na ɗauka tambayar jirage ce har yanzu, na ce za ta jira. Yau da safe likita ya yarda in yi karatu, na buɗe. 'Yata, da na san akwai mutum a ciki da na sa an karanta mini ko a tsakiyar kasuwa ne.

Laifin nan nawa ne tare da ke. Tun takardar farko na san abin da ya kamata in ce miki, kalma uku ce, je ki faɗa. Na ce ki dakata don ina so in samo amsar da za ta wanke ki, ta wanke ni ma. Shekara arba'in ina koyarwa, duk lokacin da na kai waɗannan surori sai in ce lokaci ya ƙure, mu tsallake zuwa gaba. Tsoro nake kada wani ɗalibi ya ɗaga hannu in rasa abin cewa. Na buɗe akwatin kafin a kai ni asibiti, ba komai a ciki sai abin da na riga na gaya miki.

Ko talanti nawa aka sauke wa Sulemanu, ba zai rage mu da komai ba in ba mu sani ba. Amma dattijon nan mun san bai yi ba, ni da ke.

Batun yara da Mamarki, in aka kore ki, ɗakuna biyu suna nan a gidana babu kowa. Ba na faɗa don daɗin baki ba, na riga na gaya wa Innarki ta kuma yarda.

Na ba direba wannan na roƙe shi ya kai miki har gida. Allah ya sa bai makara ba.

Kawunki

*

Kawu,

Na gode wa Allah da idonka ya buɗe. Ka gaida Inna, ka ce ta yafe mini zargin da na yi mata. Na gode da ɗakunan, amma ba za mu zo ba. Ba a kore ni ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni.

Motar direba ta lalace a hanya, takardarka ta iso ranar Juma'a. Dattawa sun zauna ranar Alhamis. Ba zan ɗora wa mota laifi ba, ina da ƙafa da baki ranar Alhamis ɗin.

Na yi yadda ka ce, na ajiye takardar na tafi. Na shiga ofishin Manaja ko sallama ban yi ba, na faɗa masa komai, da lambobin da nake rubutawa a gefe, da daɗin da na ji. Ya saurare ni har ƙarshe, sai ya miƙo mini ruwa. Ya ce, "Kowa ya san yadda kike ƙaunar Baba. Amma shi da bakinsa ya gaya wa dattawa shi ya yi, ba wanda ya sa shi. Ke da ba ki taɓa barin ko waƙafi ya wuce ba, ke ce za ki yi wannan? Ina takardar gyaran?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To kin gani."

Daga nan na wuce gidan Baba Harafi. Na same shi a tsakar gida yana gyaran ƙafar kujera. Na durƙusa a gabansa ina kuka. Ya ce, "Tashi, 'yata, na sani. Ni na cire takardar tun ranar da faston ya shigo, kafin a tara mu." Na ce ya ba ni in kai. Ya ce ya jefa ta a murhu.

Na ce masa don me. Ya ce, "Sau uku na buga Tarihi a rayuwata, na san hamsin ce kamar yadda na san sunana. Na ga janki, na tsaya. Amma shekara talatin ban taɓa yi wa jan biro gardama ba, aka ce shigar in shigar. Ke ba ki sani ba kika yi, ni na sani na yi. Wa ya fi laifi?" Na ce ai ba a kan wannan aka hukunta shi ba. Ya ce, "Ni shekara ɗaya ta rage mini a aiki, ke kina da marayu. Ki bar maganar nan." Matarsa tana bakin ƙofar ɗaki tana ji, ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya.

Na je wa faston cocinmu, na je wa dattawa biyu har gida. Duka magana ɗaya, Allah ya yi mini albarka saboda tausayina. Ɗaya har ya ce zai ba da misali da ni a wa'azi, na roƙe shi kada ya yi. Ranar Litinin Manaja ya ba ni aikin manna 'yar takarda mai hamsin a kan kowane kwafi, ya kuma ce daga yau duk aikin Littafi Mai Tsarki sai ya bi ta hannuna, don da ni kaɗai ya amince. Kawu, da a ce an kore ni da na san an gama. Yanzu kowa yana yabona, ni kuwa in aka kira sunana sai in zabura.

Ranar Lahadi aka karanta sunansa, horon wata shida. Ya miƙa mabuɗin coci, ya koma bencin baya inda waɗanda ke horo suke zama. Ranar kuma ta Jibin Ubangiji ce. Mai raba gurasa da ƙoƙo ya iso layinmu ya miƙo mini, na kalli ƙoƙon na kasa ɗaga hannu. Na tashi a gaban kowa, na bi tsakiyar coci zuwa baya, na zauna kusa da Baba. Ya ce a hankali, "Koma wurinki, ana kallonki." Na ce ai nan ne wurina.

Mama ta tambaye ni a gida me ya kai ni can, na gaya mata komai. Ita kaɗai ce ta yarda da ni, ta ce tun ina ƙarama ba na iya ganin abu a karkace in bar shi.

Na rubuta wa dattawa takarda, zan kuma sake rubutawa duk wata har su gaji su saurare ni. Kafin nan zan zauna a bencin baya. Ka yi wa Baba addu'a, ƙafarsa tana kumbura in ya daɗe a zaune, kuma bencin ba shi da majingina.

'Yarka